Daminar da 'Yan Garma Suka Bar Gona

Akwai wani malamin firamare a garin Safana mai suna Malam Ubaidullahi. Da safe yana koyar da lissafi, da yamma kuma shi ne kocin ƙungiyar ƙwallon garin. Mutum ne mai gaskiya, ba wanda ya taɓa kama shi da cin kwabon wani. Aibinsa ɗaya ne, yana jin kunyar sunan ƙungiyarsa.

Sunan kuwa 'Yan Garma. Maƙwabtansu mutanen Batsari ne suka laƙaba musu shi don tsokana, saboda duk 'yan wasan manoma ne, sunan ya bi su har aka manta da na asali. Duk ranar da aka haɗu da Batsari sai ka ji 'yan kallo suna ihu, "A ba su fartanya, ƙwallo ba ta karɓe su ba!" Yaran dariya suke yi. In sun zura ƙwallo ma sai su jeru a gaban raga su sunkuya kamar masu noma. Malam kaɗai ke haɗe rai.

Ƙungiyar tana da wata tsohuwar doka tun kafin Malam ya karɓe ta. Da zarar ruwan shuka ya sauka, atisaye ya koma sai da yamma lis. Kowace Asabar kuma 'yan wasan gaba ɗaya za su yi gayya a gonar ɗaya daga cikinsu, bi da bi, daga noman farko har a gama maimai.

Shi ya sa ba uban da ya taɓa hana ɗansa buga ƙwallo a Safana. Ɗa ɗaya ka bayar, ranar gayyarka a aiko maka da majiya ƙarfi cike da gona.

To, a shekarun nan da aka cire tallafin mai, tsada ta kai mutane bango, tiyar masara ta zama abin da magidanci ke tsayawa ya yi tunani kafin ya taya, sai Allah ya ba 'Yan Garma sa'a. Suka ci gasar jiha, suka samu gurbi a ƙaramin rukunin gasar ƙasa. Ranar an yi murna har da masu ganga. Da gari ya waye aka fara tambayar juna, wa zai biya kuɗin mota zuwa wasu jihohi?

Ana cikin wannan zullumi sai ga Alhaji Muntaka.

Ya shigo gari a baƙar jif, ƙamshin turarensa na riga shi isa wuri, wayoyi a hannu kamar mai shagon caji. Ya ce shi ma ɗan ƙasar nan ne ta wajen kakarsa. Tsofaffi suka yi ta lalube a ƙwaƙwalwa, ba wanda ya tuna wannan kaka. Amma wa zai tsaya bin salsalar mai jif?

Ya zaunar da Malam Ubaidullahi a gaban mota, ya kunna masa sanyi, ya ce, "Koci, na ga yaranka a bidiyo. Waɗannan ai zinare ne aka binne a kunyar gona. Ka ba ni ƙungiyar nan da sunana, in sa musu albashi, in sa maka naka. Shekara biyu sai ka ga ɗan Safana yana buga wasa a Turai. Amma fa sunan nan na garma, a jefar da shi. Daga yau Safana Royal."

Wallahi ba albashin ne ya kama Malam ba. Wannan kalma ta ƙarshe ce ta shige shi har ƙashi.

Kafin a sa hannu, Malam ya shiga kasuwar Batsari ya yi kiciɓis da Malam Lado, kocin ƙungiyar Batsari. Tare suka yi kwalejin horon malamai, kuma tun daga can ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Amma ranar Lado bai yi dariya ba. Ya ja shi gefe.

"Ubaidu, mutumin nan fa wajenmu ya fara zuwa. Bai tambayi sunan yaro ko ɗaya ba. Abin da ya tambaya kawai, muna da gurbi a gasar ƙasa? Da na ce mashi babu, ko lemon da muka kawo mashi bai ƙarasa ba ya tashi. Ka bincika shi tukuna."

Malam ya yi murmushin da ya fi zagi ciwo. "Lado ke nan. Da ku aka zaɓa ai da ba ka ce a bincika ba."

Lado ya dube shi, ya ce, "Allah Ya sa ni ne ban gane ba." Suka rabu a haka.

Aka kafa rumfa a filin ƙwallo, aka sa hannu, ƙungiya da gurbinta suka koma sunan Alhaji Muntaka. Ya fito da sababbin jesi korayen shar daga but ɗin mota, aka ɗaga, aka yi hotuna, aka yi tafi. Daga nan ya sa aka ninke su aka mayar cikin mota. Ya ce sai ranar wasan farko, kada su yi datti.

Sannan ya kawo sharaɗinsa. Ƙwararrun 'yan wasa ba sa noma. Za a kwashe yaran a kai su sansani a Katsina, su zauna can har a fara gasa. A lokacin kuwa hadari ya fara haɗowa ta gabas, kowa na gyaran iri.

Alhaji bai shiga gidan kowa ba. Malam Ubaidullahi ne ya bi gida-gida yana roƙon iyaye, don shi suka sani, shi suka yarda da shi. Gidan da ya fi ba shi wuya shi ne na Inna Turai a ƙauyen Babban Duhu, mahaifiyar Habu mai tsaron raga.

Habu shi ne ƙashin bayan ƙungiyar. Dogo ne, marar magana, in ya tsaya a raga sai ka ce an rufe ƙofa. Mahaifinsa ya rasu. Babbar gonarsu ta daji ta gagara zuwa saboda 'yan bindiga, saura guda ɗaya a bayan gari. Da ita Inna Turai ke ciyar da kanta da ƙannen Habu mata, kuma Habu ne kaɗai namijin gidan.

Bayan doguwar gaisuwa, an tambayi gida, an tambayi makaranta, an tambayi zafi, Malam ya faɗi abin da ya kawo shi.

Inna Turai ta ce, "Malam, ruwa ya kusa. In anka tafi da shi, anka tafi da 'yan gayya, wa za shi yi mani noma?"

"Inna, albashi fa zai riƙa ɗauka. Abin da gonar nan ke ba ku a shekara, a wata guda zai saya muku."

"Ni dai ban san albashi ba, gero na sani."

Malam ya dafa ƙirji. "Inna, kin san ni ba yau ba. In gonarki ta lalace, a wuyana."

Ta dube shi, ta ce, "Tunda kai ka faɗi, Malam, na ba ka shi. Allah Shi tsare."

Da Habu ya zo haɗa kaya sai ya ɗauko tsohuwar safar hannunsa ta tsaron raga, wadda mai gyaran takalmi ya ɗinke ta har ba a gane kalarta ta asali. Malam ya yamutsa fuska. "Ajiye wannan tsumman, kada ka kunyata mu a birni. Alhaji zai sayo sabuwa." Habu ya rataye ta a jikin rumbu, ya bi Malam.

Sansanin da aka yi ta zuzutawa wani gida ne a bayan gari wanda ba a gama gininsa ba, tabarmi ne a ƙasa. Makon farko an ci shinkafa da nama. Watan farko aka ba da rabin albashi, aka ce sauran yana hanya. Daga nan nama ya ɗauke, shinkafa ta bi shi, aka koma garin kwaki da ƙuli. Alhaji ya daina leƙowa, sai dai waya. Kullum yana Abuja, kullum yana ganawa da wasu Turawa, kullum gobe.

Ruwa kuwa sai zuba yake yi. Yaran nan 'ya'yan manoma ne. In an yi ruwa da safe sai ka gan su tsaye a bakin taga sun yi jugum, kowa ya san abin da ciyawa ke yi a gonar gidansu.

Wata rana bayan atisaye Habu ya zo ya durƙusa a gaban Malam.

"Malam, an yi mani waya daga gida. Inna ta yi shuka ita da yara, amma ciyawa ta fi ƙarfinsu. Ka ba ni izini in je in yi noman farko in dawo. Ko ni kaɗai ne."

Malam ya riga ya fara shan jinin jikinsa game da Alhaji. Amma in ya bar Habu ya tafi, kowa zai ce zai tafi. In sansani ya watse, Batsari za ta yi dariya, Lado zai ce ai na faɗa. Sai ya ɗaga murya a gaban sauran yaran.

"Kai har yanzu ba ka fita daga ƙauye ba? Ana maganar Turai kana maganar ciyawa! Wanda ya taka ƙofar nan ya bar ƙungiya."

Habu ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah Ya ba ka haƙuri, Malam." Bai sake tayar da maganar ba.

Jama'a, ni a nan ne raina ya fi ɓaci a labarin nan. Macuci ya yi cutarsa daga nesa, amma bakin mutumin kirki ne ya tsare masa ƙofa.

Damina ta raba tsakiya kafin a sa ranar wasan farko, a wani gari a wata jiha. Alhaji ya bugo waya da fara'a, ya ce su nemi mota su yi gaba, zai same su a can da jesi da albashin da aka biyo shi gaba ɗaya. Babu kuɗin mota. Malam ya aika Safana aka sayar da babur ɗinsa, aka yi shatar bas.

Suka isa filin wasan da hantsi, kowa da tsohon takalminsa a leda. Malam ya gyara hula ya ce wa mai tsaron ƙofa, "Safana Royal ne."

Mutumin ya dube su sama da ƙasa. "Safana Royal? Ai suna ciki tun ɗazu."

Malam ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Sai Habu, da yake ya fi kowa tsawo, ya leƙa ta saman ƙofa. Ya juyo a hankali ya ce, "Malam, zo ka gani."

A tsakiyar fili ga wasu samari suna motsa jiki, ba fuskar da suka taɓa gani ko ɗaya. A jikinsu korayen jesin nan ne shar, waɗanda aka ɗaga a rumfa aka yi musu tafi a Safana.

Wani jami'in gasar ya fito ya yi musu bayani, da tausayi ma ya yi shi. Mai ƙungiyar ya sayar da gurbinta ga wani attajiri na wannan jihar, tun kafin ruwa ya sauka. Sabon mai ita ya zuba yaransa, baɗi zai canza suna. Ya ce, "Ba mu da ta cewa, Malam. Gurbin da sunansa yake, ku kuka ba shi."

Tun kafin ruwa ya sauka. Wato ranar da Malam ke dafa ƙirji a gaban Inna Turai, an riga an gama ciniki. Sansanin ma an yi shi ne don a nisanta yaran daga gida, kada wani ya ji ƙishin-ƙishin ya tayar da ƙura kafin kuɗi su gama shiga.

Malam ya kira Alhaji. Waya a kashe. Ya kira ɗaya layin, ya kira na ukun, duk a kashe. Ya tsaya da waya a kunne, ba don yana jiran a ɗauka ba, sai don ya rasa yadda zai juyo ya dubi yaran.

A hanyar dawowa ba yaron da ya ɗora masa laifi. Da yaran sun zage shi da ya fi masa sauƙi. Da suka kusa Safana ya ce direba ya sauke shi kafin a shiga gari, ya bi ta bayan gidaje kamar wanda ya yi sata. Ya kwana biyu ko masallacin unguwa ba ya iya fita, a ɗaki yake sallah.

Amma akwai maganar da ta hana shi sakat. A wuyana. Ran nan da safe ya hau a-kori-kura ya nufi Babban Duhu.

Bai tarar da kowa a gida ba, aka ce suna gona. Da ya isa sai ya tsaya a bakin iyaka. Gonakin maƙwabta gero ya fi mutum tsawo, ya yi baƙi ƙirin don ƙoshi. Gonar Inna Turai kuwa ciyawa ce ta kai ƙugu. Geron da ke ciki ya yi rawaya, siriri kamar tsintsiya, kowane manomi ya gani ya san ba zai yi kai ba.

Habu na can ƙarshen gona yana sara. Da ya hango Malam sai ya ajiye fartanya, ya taho, ya durƙusa har ƙasa. "Malam, sannu da zuwa. An zo lafiya? Ya gajiyar hanya?" Wannan gaisuwa ta fi mari zafi.

Sai ciyawa ta motsa, Inna Turai ta miƙe da ƙyar tana dafe da baya. Ta rame, ta yi baƙi. A hannunta akwai tsohuwar safar Habu ta tsaron raga, wadda Malam ya kira tsumma. Ƙarangiya ta manne ta ko'ina. Da ita tsohuwar nan ta yi ta tuge ciyawa duk tsawon damina, saboda hannunta ya farfashe.

Malam ya zube a kan gwiwa cikin ciyawar. Hawaye suka zubo masa.

Inna Turai ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Tashi, Malam, kai babba ne, yara na kallo. Wancan mutum ban san shi ba, ban taɓa ganin shi ba, ba ni da magana da shi. Kai na sani. Ka ce a wuyanka. To ga ta nan."

Ya tuɓe riga ya karɓi fartanya. Hannun da ya saba da alli, kafin azahar ya yi bororo ya fashe, bai tsaya ba. Washegari ya dawo. Ranar Asabar sauran 'Yan Garma suka zo ba wanda ya kira su, duk da kowa da irin ɓarnar da ya tarar a gidansu.

Suna cikin aiki sai ga ƙarar babura. Malam Lado ne da 'yan wasan Batsari, kowa da fartanya a kafaɗa, da buhun irin wake da suka haɗo daga garin Wagini. Mutanen da suka shekara suna ihun a ba su fartanya, yau ga su da tasu.

Malam Ubaidullahi ya kasa haɗa ido da shi. Ya ce, "Lado, faɗi abin da ka zo faɗa. Na cancanta."

Lado ya ce, "Ni wake na kawo, ban kawo magana ba. Gero ya wuce, amma in muka yi sauri wake zai kama. Matsa mani in kama wannan kunyar."

Suka share gonar, suka shuka wake. Daga nan gayya ta zagaya sauran gonakin yaran. Allah Ya sa albarka, wake ya yi. Amma kada in yi muku ƙarya don labari ya yi daɗi: wake ba gero ba ne. Da kaka ta yi, maƙwabta na ɗaure dammunan gero, rumbun Inna Turai ko rabi bai kai ba. Malam ya riƙa raba albashinsa yana auno musu hatsi, amma albashin malamin firamare a wannan zamani kowa ya san inda yake tsayawa.

Kafin sanyi ya shiga, Habu ya hau motar kudu ya tafi ci-rani. Yaron da ake cewa zai tsare raga a Turai, yanzu dako yake yi a wata kasuwa yana aiko wa uwarsa na cefane. Gurbin da yaran suka ci da guminsu ya tafi har abada. Alhaji Muntaka kuwa ya yi layar zana. An ce an gan shi a wata jiha, a ƙarƙashin wata rumfar, yana ɗaga wasu sababbin jesi. Allah na nan.

Malam ya tattara yaran da suka rage, ya mayar wa ƙungiya sunanta na 'Yan Garma da bakinsa, ya mayar da dokar gayya. Ranar da za su fara atisaye, yana tsaye a bakin fili yana tunanin wa zai sa a raga, sai ga Inna Turai ta sauko daga bayan babur da ƙullin leda a hannu.

Ya tare ta da sauri ya durƙusa. Bayan sun gaisa ta miƙa masa ledar. Safar hannun nan ce, an wanke ta, an cire ƙarangiyar, an sake ɗinke yatsun.

Ta ce, "Kayan ƙungiya ne, mai su ya tafi. Ka ba wani yaron."

Malam ya karɓa da hannu biyu, kansa a ƙasa. Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya.

"Amma Malam, in ruwa ya sauka, ka sako ma uwarshi shi, ya yi mata noma."

Darasi: Macuci ba ya iya shiga gidan mutane da kansa, sai ya ari fuskar wanda aka yarda da shi. Kafin ka miƙa wa baƙo ƙungiya ko wani abin da jama'a suka gina da guminsu, ka bincika shi, ka saurari mai ba ka shawara ko da abokin hamayyarka ne. Kada ka ce "a wuyana" a kan abin da ba ka tabbatar ba, domin wani da abincin shekararsa zai biya. Kuma kada ka ji kunyar sana'ar da ta rufa maka asiri. Ku tura wannan labari ga koci, da shugaban ƙungiya, da duk iyayen da ɗansu ke buga ƙwallo, kafin mai jif ya iso garinsu.